Yadda Za Ka Bi Sawun Koren Ganye Har Inda Ya Ɓace: Jagora Ga Ɗalibin Kimiyyar Tsirrai a Sakkwato

Duk wanda ya bi hanyar Kware ko ta Wurno a ƙarshen watan Satumba ya ga abin da nake son mu yi magana a kai. Dawa ta fitar da kai, ganyen sama kore shar, na ƙasa kuwa sun koma ruwan ɗorawa, wasu har sun bushe sun rataye jikin kara. Ka tambayi mai gonar zai ce maka ganyen ya tsufa, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage shi ne: ina koren ya tafi?

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, kuma kusan duk ɗalibin da na yi wa wannan tambayar amsa ɗaya yake ba ni, wai rana ce ta cinye launin kamar yadda take koɗar da atamfa a kan igiya. Ba haka ba ne. Ganyen da kansa yake rushe korensa, da ransa, bisa tsari, kuma da dalili. Wannan jagorar ta mai son ya gani da idonsa ce, ya kuma auna, ko ɗalibin ajin ƙarshe ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko malamin sakandare da ke son ajinsa ya taɓa kimiyya da hannu. Yawancin kayan aikin ana samun su a kasuwa. Mataki ɗaya ne kawai ke buƙatar na'urar ɗakin gwaji.

Abin da za ka riƙe a ka kafin ka tsinki ganye

Sinadarin da ke ba ganye kore sunansa kulorofil. Wasu masana harhaɗa magunguna biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, su suka fara ware shi a 1817. Richard Willstätter na Jamus ya nuna cewa akwai maganiziyam a cikinsa, kuma aikinsa kan launukan tsirrai ya kai shi ga kyautar Nobel a 1915. Siffarsa zobe ce mai ƙwayar maganiziyam ɗaya a tsakiya, ƙwayoyin naitirojin huɗu na riƙe da ita, sai wata doguwar jela mai maiƙo da ake kira faitol. A tsirran gonakinmu iri biyu ne, kulorofil a da kulorofil b.

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin tan biliyan 1 na kulorofil ke rushewa a duniya kowace shekara. Duk da wannan yawa, har wajen 1990 ba a san abin da yake komawa ba, domin ragowarsa ba ta da launi, ga ta kuma da saurin lalacewa a hannun mai bincike. A 1991 ne Bernhard Kräutler, masanin sinadarai ɗan Ostiriya, tare da Philippe Matile na birnin Zurik a Suwizalan da abokan aikinsu, suka bayyana siffar ragowa ta farko daga ganyen sha'ir da ya tsufa. Daga nan Stefan Hörtensteiner, shi ma a Zurik, ya shafe shekaru yana gano inzayim ɗin da ke yin aikin ɗaya bayan ɗaya, wato furotin masu tafiyar da sauyin sinadarai a jikin halitta, har rasuwarsa a 2020.

Ga hanyar a taƙaice. Ana fara mayar da kulorofil b ya koma a. Sai wani furotin mai suna SGR ya zare maganiziyam daga tsakiyar zoben, abin ya koma fiyofitin, mai launin kore da ya sirka da ruwan ƙasa. Sai a yanke jelar faitol. Sai inzayim ɗin da ake kira PAO ya fasa zoben kansa, kuma a nan ne kore ke mutuwa baki ɗaya. Abin da ya fito ja ne na ɗan lokaci, nan take a mayar da shi wani abu mai walƙiyar shuɗi, a fitar da shi daga kuloroplas, wato ɗan ɗakin cikin ƙwayar halittar ganye inda kulorofil ke zaune, a ƙarshe a jefa shi cikin babbar jakar ruwa ta ƙwayar halitta, inda tsami ke mayar da shi marar launi. Ruwan ɗorawar da kake gani ba sabon abu ba ne. Wani rukunin launi ne mai suna karotinoyid da ke nan tun farko, kore ya rufe shi.

Me ya sa shuka za ta yi duk wannan wahala? Ka ɗauki mai gidan ƙasa da zai tashi. Ba ya barin azara da ƙyaure da kwano a ginin da zai zube, kwashe su yake yi ya kai sabon gida. Mafi yawan naitirojin da ke cikin ganye yana cikin furotin na kuloroplas, kuma shuka na son ta kwashe shi ta kai wa ƙwayar hatsi ko sabon toho. Matsalar ita ce kulorofil manne yake da wasu daga cikin furotin ɗin. Da zarar an raba su, shi kuwa bai daina kama haske ba, sai ya zama garwashi a tsakar ɗaki, yana haifar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙona ƙwayar halitta. Dole a kashe garwashin kafin a gama kwashe kaya. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne naitirojin ɗin da ke cikin zoben kulorofil ɗin kansa ba a ɗaukarsa, yana faɗuwa ƙasa tare da ganyen. Ba don shi ake rushewar ba, don a tsira da sauran kayan ne.

Mataki na 1: ka tsayar da tambaya ɗaya, ka shuka abin gwajinka

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya je kasuwa ya sayo damin alayyahu ya ce zai yi bincike. Ba ka san ranar da aka yanke shi ba, ba ka san awa nawa ya yi a rana ba, ba ka san takin da ya ci ba. Sakamakon da zai fito ba wanda zai iya kāre shi.

Ka shuka naka. Dawa, gero, masara ko wake duk suna yi. Ka cika tukwane ko ledojin raino da ƙasa iri ɗaya, ka shuka rana ɗaya, ka yi ban ruwa daidai. Bayan kwana 10 zuwa 14 ganyen farko ya buɗe sosai, kuma shi za ka yi aiki da shi. Idan alayyahu ko zogale kake so, ka yi magana da wani mai lambu a fadamar Kwalkwalawa ya ware maka kunya ɗaya, ka ɗaura zare a ganyen da suka fito lokaci ɗaya domin ka san tsaransu.

Tambayar ta zama ɗaya. Misali: duhu yana gaggauta rushewar kore fiye da haske? Ko kuma: tsakanin kaura da farfara wace ce ta fi riƙe korenta? Mai bin tambaya uku a zango ɗaya ba ya kama ko ɗaya.

Sai lokaci. Idan kana da zaɓi, ka yi aikin tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A watan Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40, kuma ganyen da aka yanke zai dahu ko ya bushe kafin ya tsufa, alhali tsufa kake nema.

Mataki na 2: yanka

Ka yanka da sassafe, kafin rana ta ɗaga, ka sa ganyen a leda da jiƙaƙƙiyar auduga, ka kai inuwa nan da nan. Ka wanke ƙura da ruwan da aka tafasa ya huce. A lokacin hunturu wannan wankin ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙurar na ɗauke da ƙwayoyin fumfuna.

Ga ganye mai faɗi kamar wake da alayyahu, ka yi amfani da abin huda takarda na ofis. Yana fitar da ƴan da'ira masu faɗin kusan milimita 6, kowace kusan 0.28 na murabba'in santimita. Ka kauce wa babbar jijiyar tsakiya. Ga dawa da gero kuwa, ka yanka guntaye masu tsawon santimita 3 da sabuwar reza, daga wuri ɗaya a kowane ganye, domin a irin waɗannan tsirrai bakin ganye ya girmi gindinsa, kuma daga bakin ake fara rawaya. Idan ka haɗa guntun baki da na gindi a kwano ɗaya ka haɗa tsoho da yaro.

Mataki na 3: shirya rukunai

Ka samo ƙananan robobi masu murfi, ko faranti mai murfi na ɗakin gwaji idan akwai. Ka shimfiɗa takardar tacewa ko auduga a ciki, ka jiƙa, ka jera guntaye 10 a kowace. Ga rukunan da nake ba da shawara.

Na farko a haske, kusa da taga amma ba inda rana ke bugawa kai tsaye ba. Na biyu a duhu, an naɗe robar da takardar alminiyam. Na uku a duhu, a cikin babban bokiti mai murfi tare da nunanniyar ayaba, domin ayaba na fitar da iskar etilin, wadda ke gaggauta tsufa. Ka buɗe bokitin na ɗan lokaci kowace rana iska ta shiga.

Na huɗu shi ne wanda na fi so, kuma shi ne ɗalibai suka fi mantawa da shi. Ka tsoma wasu guntaye a tafasasshen ruwa na minti 1, ka ajiye su a duhu kamar sauran. Waɗannan matattu ne. Za ka ga sun dusashe sun koma kore mai duhu, daga baya ma su fara ruɓa, amma ba za su yi ruwan ɗorawa mai tsabta irin na rayayyun ba. Wannan roba ɗaya ta ishe ka hujja cewa rawayar ganye aikin rai ce. Wanda ya mutu ba ya iya ta.

Mai son ƙari zai iya gwada saitokainin, sinadarin da ke jinkirta tsufa. Tun 1957 wasu masana biyu, Richmond da Lang, suka nuna cewa yana riƙe koren ganyen da aka tsinke. Irinsa na farko da aka samu a jikin shuka daga ɗanyar ƙwayar masara aka ciro shi, kuma akwai shi a ruwan kwakwa. Sai dai ruwan kwakwa na da sukari, fumfuna kuwa ba ya ganin sukari ya wuce, don haka idan za ka gwada ka sirka shi da ruwa sosai, ka riƙa canja takardar.

Kowane rukuni ya zama yana da aƙalla roba 3 ga kowace ranar awo. Roba ɗaya ba ta shaida.

Zafi ya zama ɗaya ga duk rukunan, in ba haka ba ba za ka san ko duhu ne ya yi aikin ko zafi ba. Idan babu ɗaki mai sanyi, rukunan duhu za su zauna lafiya a cikin tukunya biyu, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma in ka yi haka, ka sa ma'aunin zafi a wurin rukunin haske ma, ka rubuta bambancin kullum. Kada ka sa su a firiji. Sanyi mai yawa na tsayar da aikin, ga wutar da ba ta da tabbas.

Mataki na 4: kallo da rubutu

Ka duba a rana ta 0, ta 2, ta 4, ta 6 da ta 8. Kowane karo ka ɗora guntayen kan farar takarda, ka ɗauki hoto da waya ɗaya, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, ba tare da filasha ba. Ka ba su maki daga 5, kore shar, zuwa 1, rawaya baki ɗaya. Ya fi kyau wani abokinka da bai san rukunin ba ya ba da makin, domin ido na ganin abin da zuciya ke so. Guntun da ya yi fumfuna ko ya jiƙe ya yi laushi, ka cire shi ka rubuta cewa ka cire.

Mataki na 5: tatsar launin

A nan ake yawan ɓata aiki, don haka zan tsaya kaɗan.

Abin narkarwa da aka fi amfani da shi asiton ne mai ƙarfin kashi 80, wato mililita 80 na asiton da 20 na ruwa. Yana kama wuta da sauri ƙwarai. Babu risho, babu kyandir, babu ashana a ɗakin, kuma taga a buɗe. Idan aikin na nuni ne a aji, farin sifirit na kantin magani ya wadatar, amma ba mai launin shunayya ba.

Ka auna giram 0.1 na ganye, ko ka ƙirga guntaye 10. Ka zuba a ƙaramin turmin tangaran na ɗakin gwaji, ka sa ɗan wankakken yashi ya taimaka wajen niƙa, da ɗan garin ɓawon ƙwai kamar kan ashana. Garin ɓawon ƙwan ba ado ba ne. Da ka fasa ganye tsamin da ke cikinsa zai fito ya zare maganiziyam daga kulorofil, sai ka auna ɓarnar turminka a matsayin tsufan ganye. Ɓawon ƙwai kalsiyam kabonet ne, yana kashe tsamin.

Ka niƙa da asiton kaɗan kaɗan har tuƙar ta yi fari, ka tace, ka ɗauraye turmin ka haɗa, ka cike zuwa mililita 10 daidai. Ka rufe kwalbar, ka naɗe ta da takardar alminiyam, ka yi aikin duka a wuri mai ƙarancin haske. Kulorofil da ya bar ganye ba shi da mai kāre shi daga rana. Akwai shekarar da ɗalibaina suka jera kwalabe a kan taga suka tafi sallar azahar, kafin su dawo aikin mako guda ya koɗe. Ka auna a ranar da ka tatsa.

Kafin ka wuce, ka raba ɗan ragowar ruwan ɗanyen ganye gida uku ka yi wasa biyu masu koyarwa. A kashi ɗaya ka ɗiga ruwan lemun tsami ko na tsamiya. Cikin ɗan lokaci koren zai juya zuwa ruwan ƙasa, ka samar da fiyofitin kenan da hannunka. A na biyu ka ɗiga ruwan kanwa, za ka ga kore ya tsaya. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a rubuta shi, shi ya sa miyar ɗanyar kuɓewa ko ta lalo da aka jefa wa kanwa ke fitowa kore, miyar sure kuwa mai tsami take dusashewa. Sai dai kanwa mai yawa na lalata bitamin C da bitamin B1, don haka kyan launi ba shi ne kyan abinci ba. Kashi na uku ka kai shi ɗaki mai duhu ka haska da ƴar tocilan da ake duba takardar kuɗi da ita. Koren ruwan zai yi walƙiya ja kamar jini. Hasken da ya kama ne yake mayarwa, tunda babu inda zai kai shi. Kada ka haska tocilan ɗin a ido.

Tunda tocilan na hannunka, ka haska nunanniyar ayaba. A 2008 ƙungiyar Kräutler a birnin Insburuk na Ostiriya ta ba da rahoton cewa ɓawon nunanniyar ayaba na walƙiyar shuɗi a ƙarƙashin irin wannan haske, saboda ragowar kulorofil mai walƙiya da ke taruwa a ciki. Idan tocilan ɗinka na da ƙarfi kuma ɗakin ya yi duhu sosai, ka kwatanta ta da ɗanya, musamman gefen ɗigon baƙi da ke fitowa a ɓawon.

Mataki na 6: raba launuka a kan takarda

Wannan dabara, kuromatografi, a kan launin ganye aka ƙirƙiro ta. Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, shi ya bayyana ta sosai a 1906, da garin kalsiyam kabonet a cikin bututun gilashi. Kai da takarda za ka yi.

Ka yanki takardar tacewa tsawon santimita 12, faɗin 2. Ka ja layi da fensir santimita 2 daga ƙasa, ba da biro ba, domin tawada ma za ta hau. Ka ɗiga tataccen ruwan ganye a kan layin da tsinken ashana, ka bari ya bushe, ka sake, har sau 15 ko 20, sai ɗigon ya yi duhu amma bai bazu ba. Ka zuba abin narkarwa a doguwar kwalba, zurfin santimita 1. Wanda ya fi raba su shi ne kashi 9 na ruwan narkarwa na ɗakin gwaji da ake kira "petroleum ether" da kashi 1 na asiton. Ka rataya takardar yadda ƙasanta zai taɓa ruwan amma ɗigon na sama da shi, ka rufe, kada ka girgiza. Idan ruwan ya kusa kai ƙarshe ka cire, ka yi alamar inda ya tsaya nan take.

Daga sama zuwa ƙasa za ka ga karotin mai ruwan goro, sai zantofil mai ruwan ɗorawa (su biyun ne karotinoyid), sai kulorofil a mai kore da ya karkata ga shuɗi, sai kulorofil b mai kore da ya karkata ga rawaya. Ka zagaye kowane da fensir kafin ya koɗe. Yanzu ka jera takardar rana ta 0 kusa da ta rana ta 6. Layukan kore sun yi siriri ko sun ɓace, na rawaya suna nan ko da sun ragu. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya kalli waɗannan takardu biyu ya sake cewa rawayar daga waje ta zo ba.

Mataki na 7: awo da lissafi

Wannan ne ke buƙatar sifektirofotomita, na'urar da ke auna yawan hasken da ruwa ya shanye. Ka nemi izini a sashen kimiyyar halittu ko na sinadarai tun kafin ka shuka, ba ranar da ka tatsa ba. Ka yi amfani da ƴar kwalbar awo ta gilashi, domin asiton na cin ta roba. Ka daidaita na'urar a sifili da asiton kashi 80 zalla, sannan ka karanta a tsawon zangon haske na nanomita 663 da kuma 645. Ruwan ya zama garau. Idan da gurɓi a ciki lambar za ta hau ba gaira ba dalili. Idan karatun ya wuce 0.8, ka sirka da asiton daidai gwargwado ka ninka a lissafi.

Lissafin da aka fi sani shi ne na Daniel Arnon na 1949, kuma yana ba da miligiram a kowace lita. Kulorofil a: 12.7 sau karatun 663, a debe 2.69 sau karatun 645. Kulorofil b: 22.9 sau karatun 645, a debe 4.68 sau karatun 663. Jimla: 20.2 sau karatun 645, a tara da 8.02 sau karatun 663. Waɗannan lambobi na asiton kashi 80 ne kaɗai. Wanda ya tatsa da sifirit ya yi amfani da su ya yi kuskure.

Bari mu ɗauka, don misali kawai, ka sami 0.60 a 663 da 0.25 a 645. Jimla ta zama 5.05 a tara da 4.81, wato 9.86 a lita. Ruwanka mililita 10 ne, don haka akwai miligiram 0.0986 a kwalbar. Daga giram 0.1 na ganye ya fito, ke nan kusan miligiram 0.99 a kowane giram.

Shawarata ita ce ka ba da sakamakon bisa faɗin ganye ko yawan guntaye, ba bisa nauyi ba. Ganyen da ya yi kwana 6 a yanke ya rasa ruwa, nauyinsa ya ragu, sai lissafin nauyi ya ɓoye maka wani ɓangare na asarar. Faɗi kuwa bai cika canjawa ba. Ka mayar da kowace rana kashi cikin ɗari na rana ta 0, ka zana jadawali, layi ɗaya ga kowane rukuni.

Akwai ƙaramar na'urar hannu mai suna SPAD da ake matse ganye da ita ta ba da lamba ba tare da an yanke shi ba. In ka samu aro, ta fi dacewa da aikin gona, domin ganye ɗaya za ka riƙa bi har ya mutu.

Mataki na 8: fassara, da kai aikin gona

Ba kowace rawaya ce tsufa ba. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka yi rawaya da wuri, shuka ba ta ko fitar da kai ba, yawanci yunwar naitirojin ce, shukar na kwashe na ƙasa tana ciyar da na sama. Idan jijiyoyi kore ne tsakaninsu kuma rawaya a tsohon ganye, ka zargi ƙarancin maganiziyam. Idan sabon toho ne ya fito fari-fari, ka duba ƙarancin ƙarfe, wanda shuka ba ta iya kwashewa daga tsohon ganye. Dabbare-dabbare kuwa cuta ce mafi yawan lokuta. Ka rubuta wurin da rawayar ta fara a jikin shuka kafin ka ba ta suna.

Haka kuma ba kowane riƙe kore ne alheri ba. Howard Thomas na Aberistwis a Birtaniya, wanda ya daɗe yana nazarin wata ciyawa da ba ta yin rawaya, ya raba masu riƙe kore gida biyu. Akwai na ado, waɗanda wani inzayim na rushewa ya lalace a jikinsu, ganyen na kore amma ya daina sarrafa abinci. Koren waken Turawa da Gregor Mendel, uban ilimin gadon halitta, ya yi gwaji da shi, a aikin da ya wallafa a 1866, irin wannan ne, kuma a 2007 aka tabbatar cewa ƙwayar gadon SGR ce ta sami tangarɗa. Akwai kuma na aiki, waɗanda tsufan kansa ke jinkiri, ganyen na ci gaba da ciyar da zangarniya.

Na biyun shi ne ya shafe mu. Damina a nan gajera ce, sau da yawa ruwa na ɗaukewa dawa na tsakiyar cika ido. Dawar da ke riƙe kore bayan fure ta fi jure wannan fari, karanta bai cika faɗuwa ba, dabbobi kuma sun fi samun abin ci a jikinsa. Masu kyautata iri, har da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa da ke da ofishi a Kano, sun daɗe suna aiki kan wannan hali. Sanannen irin dawar da ake samo wannan hali daga gare shi, B35, asalinsa dawar Habasha ce, wani kuma mai suna KS19 an samo shi ne daga haɗin da gajeriyar kaura ta arewacin Najeriya ke ciki. Wannan ya sa nake ganin irin da tsofaffi ke ajiyewa a rumbunan Gwadabawa da Illela da Tangaza ya cancanci a auna shi. Idan za ka yi, ka je wurin mai gonar da ladabi, ka ce, "Baba, wace dawa ce a cikin naka ba ta saurin bushewa in ruwa ya ɗauke?" Ya fi ka sanin amsar. Ka sa alama a shuka 10 na kowane iri, ka ƙirga korayen ganye duk mako daga fure har girbi, sannan ka auna nauyin hatsin kowace. In babu nauyin hatsi ba za ka iya bambanta na ado da na aiki ba.

Abin da robar tafasasshen ganye ta koya maka shi ne kuma sirrin harawa. Idan aka tumɓuke wake ko gyaɗa ganyen na da sauran kore, aka busar da sauri, ruwan da inzayim ke buƙata ya ƙare kafin su gama aiki, sai kore da furotin su tsaya a ciki, kuma duk mai kiwo ya san irin wannan harawar ta fi daraja a kasuwar Kara. Idan aka tara ta da danshi a wuri mai zafi, rushewa ta ci gaba a cikin tarin. Zogale da kuka ma haka: a baza su siriri a inuwa mai iska, kada a cusa a buhu da ɗanyensu, kada kuma a shanya a tsakar rana inda haske zai koɗar da su.

Mai neman batun da ba a gaji da shi ba, ga gawo nan a gonakinmu. Sauran itatuwa na zubar da ganye da rani, shi kuwa da damina yake zubarwa, ya yi sabo idan ruwa ya ɗauke, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Ka zaɓi bishiya 5, ka ɗaura zare a rassa, ka fara ɗibar ganye duk mako tun daga watan Afrilu, kafin ruwan farko, ka bi matakai na 5 zuwa na 7. Ganyensa ƙanana ne ba sa huduwa, don haka a nan sai ka auna bisa nauyi, ka kuma busar da wani kaso daban ka san yawan ruwan da ke ciki a kowane ɗiba.